Shirun Dija a Bayan Aji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda 'ya take durƙusawa ta yi wa mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu dai nan sai godiya. Damina ta kankama, ƙanena Sani ya gama noman farko a gonar nan ta hanyar Badafi, masara ta yi kyau. Jikokinki suna lafiya. Takwararki har ta fara taya ni wanke-wanke, ko da yake rabin ruwan a jikinta yake ƙarewa.

Na san ba a aika wa mamaci takarda. Na kuma san ko kina raye sai an samo mai karanta miki, ki dinga katse shi kina cewa ya sake. Amma na rasa wanda zan gaya wa wannan magana ya bari in kai ƙarshenta. Duk wanda na fara ba shi labarin, kafin in yi nisa sai ya ce, "Malama, ƙaddara ce, ki yi haƙuri." Na yarda da ƙaddara, Inna. Sai dai akwai hannuna a ciki, kuma ke kaɗai ce ba kya lallaɓa ni in na yi laifi. Zan ɗora takardar a waya, masu bibiyata su leƙa in sun ga dama, musamman 'yan'uwana malamai.

Wata ɗalibata ce, sunanta Dija, 'yar ruga. Kunnenta ɗaya ya mutu tana zaune a ajina kusan shekara uku, ban sani ba. Da abin ya bayyana, mahaifinta ya cire ta daga makaranta, sauran yaran rugar suka bi ta. Bari in ɗauko miki labarin daga tushe.

Ke kika koya min son yaro mai shiru. Ni ce 'yar farinki, har kika koma ga Allah ba ki taɓa ambatar sunana na yanka ba. In baƙi suka zo na durƙusa na sunkuyar da kai, sai ki ce musu, "Ai ita haka take, ba a jin bakinta." Kina faɗa kina jin daɗi, ni ma ina jin daɗi. Haka na tashi da ganin duk yarinyar da ba ta magana, tarbiyya ce ta ishe ta. Ba ƙorafi nake yi miki ba. Ina nuna miki inda igiyar ta fara ne.

Karatun makarantunmu kuwa ba sai na kwatanta miki ba, tunda kin shekara da shekaru kina sauraronsa daga gindin darbejiya, ke da tukunyar ɗan wakenki, kina jiran a fito tara ki sayar wa 'yan makaranta. Malam ya faɗa, aji ya amsa. Ya ce biyu sau biyu huɗu, su ɗauka gaba ɗaya har kwano ya amsa. Na tuna kina cewa, "Yau Malam Audu ya ci ya ƙoshi, ji yadda ajinsa yake tashi." Har gobe da wannan ma'aunin ake auna mu. Ajin da ake jiyowa daga kan hanya shi ne ajin malamin kirki. Nawa kuwa, ba yabon kai ba, ya yi suna. Manoma suna wucewa gona da shanun huɗa suna jiyo mu, suna sa min albarka. In baƙi suka zo daga ofis, ajina hedimasta yake fara kawo su.

Makarantar da aka tura ni tana wani ƙauye ne can gefen Ɗansoshiya. Malamai ba su ishe mu ba, don haka yaran da na karɓa a aji ɗaya, da su na yi ta tafiya har aji uku. Ɗakin kullum cike yake har bakin ƙofa. Bencin da ya rage bai kai a yi maganarsa ba, kowane yaro da buhunsa yake zuwa ya shimfiɗa. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, wanda ya makara sai baya, jikin bango. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka muka tarar, haka muka ci gaba.

Ni da kaina na je na roƙo Dija. Rugarsu tana hayin rafi, sun daɗe a wurin, suna kiwo suna noma. Sau uku ina zuwa wajen mahaifinta, Malam Buba, mutum mai sanyin magana da ba ya gaggawar amsa. Kowane zuwa sai an dama min fura, a yi ta gaisuwa, in dawo ba eh ba a'a. A zuwa na ukun ne ya kirawo ta, 'yar siririya da manyan idanu, ya ce, "Malama, mazan suna da aiki, ga garke nan. Ga wannan, ki tafi da ita. Amana ce." Da ta fara zuwa, wasu gidajen ma suka sako nasu, suka zama 'yar tawaga suna ƙetaro rafi da safe. Na yi ta ba da labarin a wajen taro, har tafa min aka yi.

Yaran ruga ba sa iya zuwa da wuri. Sai an gama tatsa, an wanke ƙore, sannan su kamo hanya. Da farko malamin da ke tsaron ƙofa bulala yake tarar su da ita. Na tsaya kai da fata har aka daina dukansu, na koma gida ina ganin na gama musu komai. Ban taɓa tsayawa na lura cewa wanda ya zo a makare, a ƙarshen aji zai zauna ba. Shekara uku Dija tana jikin bangon baya, kusa da tagar da ba ta da murfi.

Shekarar farko ba ta magana, na ce Hausar ce ba ta zauna a bakinta ba. Na manta yarinyar tana bin uwarta tallan nono cikin gari, tana ciniki da Hausa. Shekara ta biyu ba ta magana, na ce filako ne, kunyar nan ta Fulani da muke tsokanarsu da ita kuma muke sha'awa. In na kira ta daga gaba sai in ga ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuma in ji ta shiga raina. Har misali nake bayarwa da ita. In 'yan gari suka cika ni da surutu sai in ce, "Ku dubi Dija, ko tarinta ba a ji." Kin ji irin maganar, Inna. Bakinki ne a bakina.

In muna karatun baki ɗaya ina hango leɓenta yana motsi tare da na kowa. Daga baya na gane bakin ta kusa da ita take kallo tana kwaikwaya. Rubutunta kuwa ya fi na kowa kyau, duk abin da na sa a allo sai ta zana shi tsaf. Jarrabawarmu ma kin san yadda take, abin da aka kwafa daga allo shi ake sake kwafowa a takarda. Don haka kowace shekara tana ci, ina rubuta mata "ta yi ƙoƙari" da jan biro. Kallon kitse na yi ta yi wa rogo, kuma ni na dafa rogon da hannuna.

Ranar da asiri ya tonu, wata ma'aikaciyar lafiya ce ta zo daga ɗan asibitin da ke kusa da mu, Malama Asabe, ta kawo wa yara maganin tsutsar ciki. Muka jera su a inuwa. Ita aikinta ba ya yiwuwa a dunƙule, dole kowane yaro ya zo gabanta, ta tambayi sunansa, ta sa masa ƙwaya a baki, ta ga ya haɗiye. Da layi ya zo kan Dija, matar tana tsaye ta gefen hagunta tana ciro magani, ta ce, "Yaya sunanki?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru. Ni kuwa da saurin bakina na ce, "Ai haka take, filako ne da ita."

Malama Asabe ba ta ko dube ni ba. Ta sunkuya kamar mai shinshina wani abu, ta ɗaga gefen hijabin yarinyar. Auduga ce cushe a kunnen, ta jiƙe da mugunya har ta canza kala. Ɗaya kunnen ma ya fara. Ta miƙe ta ce, "Malama, kunnen yarinyar nan ya daɗe yana ruwa. Tun yaushe?"  Sai wata yarinya daga layi ta ce, "Malama, ai in za ki yi mata magana sai ta wancan gefen, kuma sai kin taɓa ta." Sauran suka gyaɗa kai. Duk ajin sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da ake biya don in san su.

A wannan rana na yi lissafi, na ga tunda Dija ta taka makarantar nan ba babban da ya taɓa tsayawa gabanta ya yi mata magana ita kaɗai, ya jira amsa, sai wannan baƙuwa da ta zo ta yi awa biyu ta tafi.

A gida sun san da ciwon. Ya fara ne bayan wani zazzaɓi da mura da ta yi, ga kuma wanka a rafi. Kakarta, Goggo Shatu, tana ɗiga mata man shanu mai ɗumi tana toshewa da auduga, ya lafa ya dawo. Ba su ɗauka ya taɓa jinta ba, don a gida kusa ake magana, kuma da ma ita ba mai yawan surutu ba ce. Malama Asabe ta ce abin ya fi ƙarfin wurinta, sai babban asibiti. Muka tafi Kano mu uku, ni da Dija da Malam Buba, muka hau mota a Kwanar Dangora da sassafe.

Likitan ya daɗe yana leƙa kunnuwan da ɗan fitilarsa. Ya ce na hagun ya riga ya lalace, ba zai dawo ba. Na daman ana iya ceto shi in aka bi magani, aka kuma hana ruwa shiga. Ya ce da an kawo ta tun farkon abin, ƙaramin aiki ne. Sannan ya tambaya ko tana makaranta, Malam Buba ya ce tana yi. Likitan ya ce, "To malaminta bai lura ba?" Inna, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, kamar ɗalibar da aka kama ba ta yi aikin gida ba. Likitan ya dube ni, ya mayar da kansa kan takarda.

A hanyar dawowa Malam Buba ya yi ta kallon hanya ta tagar mota. Da muka sauka a Kwanar Dangora ya saya min burodi da lemo ya ce in kai wa yara, ya yi min godiyar rakiya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ranar Litinin ba Dija a aji, ba ko ɗaya daga yaran hayin rafi.

Tun daga makon nan na kasa karatun baki ɗaya. In na ɗaga murya zan ce su amsa, sai in tuna da Dija in fasa. Na fara kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa gaban teburina, kowa ya karanta min layi ɗaya, in dubi idonsa, in tambaye shi lafiyarsa. Abin da na gani ya fi ƙarfin abin da na yi zato. Wadda ta fi kowa zaƙin murya a sahun gaba ashe haddace littafin ta yi, in na rufe hoton da hannu sai ta tsaya cak. Wata ba ta ganin allo sai ta ƙanƙance ido, shekara uku daga littafin ƙawarta take kwafa. Wasu daga cikin mazan suna fitsarin jini, tsargiya ce, sun ɗauka haka girma yake zuwa. Masu zuwa ba karin kumallo kuwa, ke kin fi ni sanin su, tunda su kike ƙara wa ɗan wake ki ce wai hannunki ne ya zarce.

Na sauya zama. Kowace Litinin 'yan baya su dawo gaba, 'yan gaba su ja baya. Na raba su ƙungiya-ƙungiya, wanda ya ɗan iya ya riƙe waɗanda ba su iya ba, ni kuma ina zagayawa. Ajina ya yi tsit, sai ƙus-ƙus. Ba a yi sati biyu ba iyaye suka zo wajen hedimasta da ƙara, wai Malama ta daina karatu. Wani dattijo ya ce shi kullum ta nan yake wucewa gona, rabon da ya ji biyu sau biyu har ya manta. Iyayen 'yan gaba kuma suka ce 'ya'yansu suna sammako, ana kai su jikin bango saboda 'yan makara.

Hedimastanmu mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta cinye shi. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama, ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma in kika bi su ɗaya-ɗaya, yaushe za ki gama manhaja? Masu dubawa in sun zo, littafin shirin darasi za su buɗe." Shi ma gaskiya ya faɗa. Kafin in zagaye ajin sau ɗaya mako ya ƙare, wani lokacin ma ban kai ƙarshe ba. Mutum ɗaya ba ya iya sauraron wannan taron yara, shi ya sa tun asali aka koma karatun baki ɗaya. Muka rabu a kan zan dinga sa su su ɗan ɗaga murya na minti kaɗan da safe, don hankalin masu wucewa gona ya kwanta. Ina yi, Inna, ina jin kunyar kaina.

Na gaji, ba zan ɓoye miki ba. Da can murya ce take dushewa, yanzu har cikin ƙashina nake jin gajiyar. Maigidana yana tsokanata wai da mai shela ya aura, yanzu an musanya masa da likita marar allura. Masu zuwa duba mu suna zuwa da mota, su ƙirga sunaye a rajista, su yaba fentin da aka shafa wa bangon da ke kallon hanya, su tafi kafin a fito tara. Ban taɓa ganin wanda ya tsuguna ya ce wa yaro karanta min nan ba. Abin da nake roƙo a wajensu bai taka kara ya karya ba. A ƙaro mana malamai yadda za a raba ajin nan biyu. A turo irin su Malama Asabe kowane zango su leƙa kunne da ido, ba sai ranar rabon ƙwaya ba. A gyara mana rijiya da banɗaki. In an tara mu bita kuma, a daina karanta mana takarda muna amsawa baki ɗaya, mu ma yadda muke yi wa yaran.

A wata bitar na ba da labarin Dija. Malamai daga Bebeji da Tudun Wada suka sunkuyar da kai, kowa yana kallon ƙasa. Bayan kwana biyu wata malama daga Doguwa ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Na koma na duba 'yan jikin bangona." Sai ta fashe da kuka. Ban tambaye ta abin da ta gani ba.

Duk wannan ina yi ne wurin Dija yana nan ba kowa. Sai da na yi sati uku kafin na iya tattara ƙarfin halin ƙetara rafin. Na tarar matan rugar suna cewa ihun makaranta ne ya kashe mata kunne. Dija ce ta kawo min ruwa, ta durƙusa, ta yi min murmushin nan nata, na ji kamar in nutse. Na gaya wa Malam Buba gaskiya, na ce ihun bai kawo ciwon ba, amma shi ya rufe min ido. Na ce na ci amanar da ya ba ni, ina neman afuwa, ina kuma roƙon ya dawo min da ita.

Ya daɗe yana wasa da sandarsa a ƙasa. Can ya ce, "Malama, kin ga garken can? In saniya ɗaya ta wuni ba ta ci ciyawa ba, kafin rana ta faɗi na sani. Ba ta gaya min, ni nake dubawa."  Goggo Shatu ce ta leƙo daga bukka ta ce masa, "Kai ma ai a gidanka take kwana, ni kuma nake toshe kunnen. Kowa ya ɗauki rabonsa." Ya yi ɗan murmushi ya ce zai yi shawara. Na dawo da ƙwaryar nono da wannan amsa, na kuma san shawarar Malam Buba ba ta kwana ɗaya ba ce.

Wata guda ya wuce. Na fara cire rai, har na daina kallon hanyar rafi in na zo da safe. Sai ranar Alhamis da ta wuce, muna tsakiyar lissafi, na ji tsayuwar babur a bakin aji. Malam Buba ne, Dija a bayansa da buhunta a naɗe. Bai shigo ba, ya tsaya ta taga muka gaisa. Ya ce ta gama shan magani, kunnen daman ya bushe. Sannan ya ce, "Ki tambaye ta wani abu, ita kaɗai, ina ji. Kada kowa ya taya ta."

Na zaunar da ita a gaba, kunnen dama yana fuskantata.  Na ɗauki littafi na kare bakina don kada ta karanci leɓena, na ce, "Dija, huɗu sau uku nawa ne?" Ta ɗaga kai. Ta shiga motsa yatsu a cikin hijabi. Sai ta ce, "Bakwai." Da ƙarfi ta faɗa, fiye da yadda ake buƙata, don ba ta san iyakar muryarta ba. Wannan ne karo na farko da na ji muryar yarinyar nan a ajina. Tana da ɗan kauri, ban taɓa zaton haka take ba.

Malam Buba ya ce, "Ta faɗi daidai?"

Inna, shaiɗan ya zo min a wannan lokaci. Kalma ɗaya ce tsakanina da dawowarta. In ce eh, yara su tafa, ya hau babur ya tafi da farin ciki. Shekara uku ina rubuta mata ta yi ƙoƙari, ƙarin sau ɗaya ba zai yi min wuya ba. Na sauke littafin na ce, "A'a, Malam Buba, ba daidai ba ne. Sha biyu ne. Huɗun da ukun duk sun shiga kunnenta, haɗa su ta yi. Sauran ni ce ban koya mata ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na sani, Malama. Ni ma ina sayar da dabba, na iya wannan lissafin. So nake in ji abin da za ki ce." Ya leƙo ya yi wa 'yarsa magana da Fulatanci, ta shimfiɗa buhunta. Sannan ya ce min, "Ta zauna. Sauran yaran kuma, sai mun ga yadda kika yi da wannan." Ya tayar da babur ya tafi kasuwa. Na juya na fuskanci allo kamar mai neman alli, don kada yara su ga fuskata.

Ga inda muke, Inna. Kunnen hagu ya tafi, ba abin da zan yi ya dawo. Dija tana aji uku da karatun 'yan aji ɗaya, sauran yaran hayin rafi suna gida suna jiran sakamakona. Gobe Litinin, akwai sahu biyu da ban kai kansu ba a makon jiya, da su zan fara.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa mu a can cikin aminci. Allah Ya tsare wa Dija kunnen da ya rage mata, Ya buɗe mata karatu, Ya saka wa mahaifinta da alheri. Ni kuma Ya yafe min abin da na yi cikin rashin sani, Ya ƙara min ƙarfin da zan tashi gobe. Amin summa amin.

Na bar ki cikin amincin Allah.

'Yarki mai kewarki kullum,
Ladidi